Rumfar da Iliyasu Ya Kafa wa Inna

Shekara tara ke nan muna haya gida ɗaya da Iliyasu mai awon hatsi a Makarfi, ƙofata na kallon tasa, don haka in na ce na san shi, na san shi. Mutumin Gubuchi ne. Ya shigo gari daga shi sai mudu ɗaya, ya zauna kasuwa yana auna wa mutane masara da dawa, har ya yi aure, ya kama ciki da falo a gidan Alhaji Sani. Ba shi da hayaniya, sai taurin kai. Wallahi in Iliyasu ya sa abu a gaba, ko ka kauce ko ka kama masa.

Da mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa Inna Rahmatu ta saura ita kaɗai a ƙauye, ga ciwon ƙafa, ga hawan jini. Sau biyu tana faɗuwa a tsakar gida, sai maƙwabta ne suka tsince ta. Da ƙyar da roƙo ya ɗauko ta. Shi da matarsa Wasila suka bar mata ƙurya, suka koma falo.

Lokacin sanyi ta zo, kuma sanyin bai ba su wuya ba. Iliyasu ya toshe ƙasan ƙofa da tsofaffin buhuna, ya liƙa kwali a taga. In Wasila ta sauke tuwo, sai ta zaro dutse daga murhu ta naɗe da tsumma ta sa wa tsohuwa a ƙafa. Ko kaskon gawayi bai bari an shigar ɗakin ba. Inna har ƙiba ta yi.

Sai bazara ta kama. Gidan Alhaji Sani kuwa bulo ne da kwano, babu silin, in ka miƙa hannu da azahar sai ka ji kwanon yana huci. Matar da ta yi rayuwarta a ɗakin ƙasa, ina za ta iya? Ta daina cin abinci, ta koma kwanciya a siminti tana fifita. Wata rana ina shanya na ji ta tana ce masa:

"Iliyasu, ni ba gurasa ba ce da za ka sa ni a tanderu. Ka mayar da ni Gubuchi."

"Haba Inna, wa zai duba ki a can?"

"Wanda ya halicce ni. Na ba ka kasuwa biyu, in ba ka kai ni ba na hau mashin da kaina."

Kuma za ta aikata, duk mun sani. Taurin kan nan ai ba a ƙasa ya tsince shi ba.

Bawan Allah ya ruga ya sayo fanka ya rataya a katakon rufi. Kai, abin dariya abin tausayi! Ran da aka kawo wuta, fankar ta dinga kwaso zafin kwano tana juye wa tsohuwa a ka. Ga shi mitarmu ɗaya ce, kwana uku katin wuta ya ƙare. Ni ce na fara yi masa tijara, ban ɓoye ba, na ce Malam Iliyasu ka ƙona uwarka ka kuma bar mu a duhu. Daga baya na ji kunya, don na ga idonsa ya yi ja.

Ya je wurin Alhaji Sani neman izinin sa silin. Alhaji ya ce ko ƙusa ɗaya ba a buga masa a gini.

Washegari Iliyasu bai je kasuwa ba. Ya dawo daga ƙauye da dogayen itatuwa, da zana, da damin karan dawa. Ya haƙa ramuka gefen ɗaki, ya kafa rumfa wadda ta haye saman kwanon gaba ɗaya, ya bar tazarar kamu guda don iska ta ratsa. Bangon yamma ma ya kare shi da zana. Inna na zaune tana ba da umarni: a rufe taga tun hantsi, kar a buɗe sai rana ta yi sanyi, a yayyafa ruwa a ƙasa, a jiƙa buhu a rataya a ƙofa. Ni da na yi tijara, ni na riƙe masa tsani.

Kwana huɗu sai ga Alhaji da tsakar rana, yana faɗa tun daga zaure, wai an mayar masa da gida rumfar kasuwa. Iliyasu ya durƙusa ya ce, "Alhaji, a duba, ban taɓa ginin ba." Sai Inna ta leƙo ta ce, "Alhaji, shigo ka sha ruwa, rana ta yi yawa."

Ya shiga da fushinsa. Muka tsaya a waje muna jira. Jim kaɗan Wasila ta fito tana toshe baki, wai Alhaji ya jingina da bango yana gyangyaɗi. Sai la'asar ya fito. Ya ce kawai kar a hura wuta kusa da karan, kuma a sauke kafin iskar damina.

Ranar da kasuwa ta biyu ta ci, Iliyasu ya dawo da yamma, Inna ta kira shi a gabanmu ta ce, "Gobe ka shirya, sai Gubuchi."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "To, Inna."

Sai ta ce, "Ka je ka kwaso min kajina da turmina ka kawo nan. Ka rufe ɗakina na can, ka ba maƙwabta makulli."

Ƙato da gemu, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa yana kuka. Ni ma na yi, ban ji kunyar kowa ba. Kajin suna nan yanzu, kullum sai sun tona min shanya.