Shafin da Kawu Ya Ɗaure da Zare

Shekara arba'in da ɗaya kawuna ya yi yana jera haruffan dalma a gidan buga littattafai, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Dalma. Ɗaya bayan ɗaya yake tsinto su daga gurabensu, ya jera su a juye har shafi ya cika. Da aka rufe wurin, abokan aikinsa suka kwashi kujeru da fanka, shi kuwa akwatin haruffa ya ɗauko. Innata ta ce, "Yaya, wannan nauyin banzan fa?" Ko kallonta bai yi ba.

Mutum ne mai kafiya, wallahi har haushi yake ba ni. In na karanta masa saƙon jikokinsa a waya, sai ya tambayi yadda suka rubuta. Na ce sun yanke rabin haruffan, amma ai an gane. Ya ce, "An gane yau. Jikansu zai gane?" Na ce Kawu, ku ma ba yadda kakanninku suka yi magana kuke yi ba. Ya ce su dai ba su zubar da komai a hanya ba. Sun zubar mana, shi ma ya sani.

Bayan idonsa ya tafi, da yatsu ya ci gaba da aiki. Wata takwas ya yi yana jera shafi guda: kalmomin da ya ji a bakin mahaifiyarsa, waɗanda yanzu ba mai faɗa, kowacce da cikakkun haruffanta. Ya ɗaure shafin da zare, ya ɗora a faranti. Burinsa ɗaya, a buga shi da inji kafin ya mutu.

Ni aka ɗora wa aikin. Na yi yawo da farantin nan har kafaɗata ta sage. Shago bakwai na shiga, kowa ya ce tsohon inji an narkar da shi tuntuni. A na ƙarshe wata mai kwamfuta ta yi dariya ta ce, "Haba 'yar'uwa, kawo in buga miki yanzun nan." Na gaji, na yarda. Ta kara madubi tana kwafa, tunda haruffan a juye suke. Haruffa masu ƙugiya ma ba ta sa ba, ta ce na'urarta ba ta da su, kuma wa ya damu?

Na kai masa takardar na ce, "Kawu, an samu inji." Ya goge hannu a riga ya karɓa. Ya shafa gabanta, ya juya ya shafa bayanta. Sumul! Na manta cewa in dalma ta danne takarda sai ta bar shaidar da yatsa ke ji. Ya taɓa haruffan da ke farantin, ya shinshina yatsunsa, babu tawada.

Da ma faɗa ya yi mini, da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Sannu da wahala, 'yar nan." Sai ya kwance zaren, ya fara mayar da haruffan gurabensu, ƙwas, ƙwas. Na roƙe shi ya bari, gobe zan sake nema. Ya ce, "A ina?" Ya ci gaba da mayar da su. Kafin rana ta faɗi farantin ya koma wayam.

Takardar tana nan a jakata. Rabin kalmomin ban san yadda ake furta su ba, kuma har ya rasu kunya ba ta bar ni na tambaye shi ba.