Maɓallin Ba

Shekarun baya, lokacin ina zaman jiran aiki a gidanmu a Gangara, hannun mahaifina ya fara rawa. Malami ne na soro, duk rayuwarsa da alƙalami da tawada ya yi ta. Akwai wata doguwar waƙar wa'azi da yake tsarawa da ajami, ya ci rabinta hannun ya ƙi. In ya ɗora alƙalami a takarda sai tawada ta watse. Ran nan na ga ya naɗe takardun ya tura cikin gafaka. Abin ya tsaya mini a rai.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta da abokina ya bar mini. Wurin shafa yatsa ya mutu, don haka komai sai na buɗe baƙar tagar nan ta ba da umarni in rubuta mata abin da nake so. Ni kuwa a lokacin ji nake duk jihar Maradi babu gwani kamata. Na sayo 'yan takardun haruffan Larabci na manna a kan madannai, na kai wa Baba.

Da farko harara ya yi mata. Mutumin da kakana ya ɓoye cikin rumbu don kada a kai shi lakol, makarantar boko, yau a ce ya zauna gaban kayan nasara! Amma da ya danna da yatsa ɗaya ya ga harafi ya fito tsaf, ba karkata ba ɗigo, sai ya gyara zama. Daga ranar ya hana a ajiye ta a ƙasa, wai abin da ke ɗauke da haruffan Alƙur'ani ba ya zama inda ƙafa take. Buzunsa ya shimfiɗa mata.

Matsalar ita ce ba shi kaɗai ke amfani da ita ba. Ƙanwata tana koyarwa a lakol, da Faransanci take shirya darasinta. Kullum ni ne ɗan tsakiya, in rubuta dogon umarni madannai su koma Larabci, in ya gama in mayar mata. Akwai hanyar danne maɓalli biyu lokaci guda, to amma hannun Baba ba ya iya riƙe biyu.

Sai aiki ya samu a Agiye. Kafin in tafi na zauna na gajarta umarnin ya koma harafi ɗaya. Na zaɓi maɓallin da ke ɗauke da harafin ba, farkon bisimilla, don na san ba zai ɓace masa ba. In ya danna shi ya danna babban na gefe, madannai su juya Larabci, shafin waƙarsa ya buɗe. In ya rufe ya sake danna shi, su koma wa ƙanwata. Muka gwada sau ɗaya ya yi daidai. Na hau kabu-kabu ina ta yabon kaina.

Duk sanda na kira shi na tambayi waƙa, sai ya ce alhamdulillahi, ya shiga tambayata ko an yi ruwa a wajenmu. Har aka yi huɗa aka yi maimai, amsar ba ta sake ba. Mahaifiyata ce ta fasa ƙwan. Ta ce tun bayan tafiyata ya naɗe abin cikin buzu, ya ce a bar wa yarinya kayanta. Ƙanwata ta so ta buɗe masa, ya ce ba ya son a riƙa tsaya masa a ka kamar jinjiri.

Ranar kasuwa na dawo gida. Bayan la'asar na ɗauko kwamfutar na ajiye gabansa.

"Baba, ku danna in gani."

"Ba ta jin maganata," ya ce. "Taku take ji."

Na lallaɓa shi ya danna. A karon nan ban kalli fuskar kwamfutar ba, yatsansa na kalla. Ya sauka a kan ba, ya ɗago, rawar ta sake mayar da shi, ta kuma mayar da shi. Harafi uku suka jeru inda nake jiran ɗaya. A shafin waƙarsa yakan ga irin wannan ya goge, amma a baƙar taga boko ne ke fitowa ƙanana, amsar da take ba shi kuma ba ya iya karantawa. Shi dai ya ga an ƙi buɗe masa, ya ɗauka hannun ne ya gama ƙarewa. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido.

Gyaran bai kai shan shayi ba. Na koya mata cewa ko ɗaya ya zo, ko biyu, ko biyar, duk maganar guda ce. Ya danna, shafin ya buɗe a kan baitin da ya tsaya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce in matsa ina tare masa haske.

Ya kammala waƙar bayan girbi, almajiransa na da har yanzu suna rera ta. Shi kuwa Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa.

Yau aikina ke nan, ina saita wa mutane na'urori su yi rubutu da harsuna biyu ko uku. Abokan aikina suna yi mini tsiya wai na cika ɓata lokaci, don ba na tashi daga wurin mutum sai na zauna gefensa na ga yadda hannunsa yake sauka. Kwamfutar tana nan wurina cikin buzunsa. Takardun haruffan duk sun ɓamɓare, in ban da ta harafin ba, don wannan Baba ya bi ta da ƙaro ya manne da kansa.