Takardar Aikin Ɗan Farina

Akwai amsar da na aika wa ɗan farina ta bakin ƙanena, wadda har yau nake fatan a ce ban aika ba. Ban zage shi ba, ban daka masa tsawa ba. Magana ce gajera, amma ita ta raba shi da aikin da ya yi shekara huɗu yana karatunsa. Na daɗe ina gaya wa kaina ba laifina ba ne. Yanzu na tsufa, na gaji da wannan ƙaryar.

Ni manomin albasa ne a Gwandu. Bokona bai wuce elementare ba. Ina karanta Hausa ina rubuta ta, Turanci kuwa sai dai in gane sunana a bayan ambulan. Yaron shi ne ya yi nisa. Ya je jami'a ya karanta ilimin kwamfuta, a lokacin da yawancinmu ba mu taɓa ganinta da ido ba. Ya gama, ya yi hidimar ƙasa a Kaduna, ya dawo gida ba da jimawa ba bayan an ba mu jihar Kebbi.

A gidanmu kunyar ɗan fari mai ƙarfi ce. Ban taɓa kiran sunansa ba, "wancan" nake cewa, kowa kuma ya san wa nake nufi. In ya shigo gaisuwa zai durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa ina duban wani wuri. Duk abin da yake buƙata, tun daga kuɗin littafi har zuwa izinin tafiya, ta hannun ƙanena yake biyowa. Shi yake kira Bappa, da shi yake hira har su yi dariya. Haka mahaifina ya yi da ni, ban taɓa ganin aibin abin ba.

Ana cikin dashen albasa takardar ta zo. Ƙanena ya same ni a fadama, ya tsuguna a kan kunyar albasa yana fifita da hularsa.

"Yaya, ɗanka ya samu aiki. Wani kamfani na Kaduna, inda ya yi musu hidimar ƙasa. Sun ce shi zo kafin ƙarshen wata, in ba haka ba su ba wani."

"Aikin mi?"

"Na kwamfuta. Ya yi man bayani, ni dai kaina bai ɗauka ba. Ka kira shi ka tambaye shi mana."

Na ce na ji. Na ci gaba da dashe.

Abin da ke zuciyata shi ne wannan. Sabuwar jiha ce, kowa na cewa za a ɗauki 'yan ƙasa aikin gwamnati. Ina son in ga yaron a ofis kusa da gida, ran Juma'a ya zo mu yi salla mutane su gan shi. Kuma ɗan maƙwabcina ya tafi Ikko shekara shida ke nan, ko rasuwar kakarsa bai zo ba. Waɗannan su ne dalilaina na gaskiya. Amma ina son dalilin da zan iya faɗa a bainar jama'a, sai na tafi nemansa.

Ina da wani aboki masinja a sakatariya a Birnin Kebbi. Ran Litinin na shiga mota na tafi wurinsa, na ce ina son ya nuna mini kwamfuta. Ya kai ni wani ɗaki mai sanyi ƙalau, aka ce mu tuɓe takalma a ƙofa kamar za mu shiga masallaci. Na ga akwati mai gilashi, an yaye masa ƙyalle rabi, wata mata tana zaune tana buga wasiƙa. Na tsaya ina kallo. Da muka fito na tambayi abokina ko aikin ke nan.

"Shi ke nan fa," in ji shi. "Tafireta ce mai talabijin."

Na dawo gida da hujjata a aljihu. Shekara huɗu a jami'a, a ƙare da buga wa wani wasiƙa a garin da ba kowa namu. Na gaya wa ƙanena abin da na gani. Ya dube ni ya yi 'yar dariya, ba ta jin daɗi ba.

"Yaya, ka ɓata yini guda ka tai tambayar masinja, ga mai digirin nan zaune a zaurenka? Taki goma ne tsakaninku."

"Ni zan zauna in yi hira da shi?"

"To mi zan ce mishi? Kwanakin na tafiya."

Na bari kwana tara suka wuce. Kullum yaron zai zo gaisuwar safe, ya ɗan jima a durƙushe fiye da yadda ya saba, in amsa, ya tashi. Mahaifiyarsa ita ma kunyar ta ɗaure mata baki. Sau ɗaya ta ce, tana ajiye mini fura, "Malam, yaron nan ba ya cin abinci." Na ɗauki furar na sha.

A rana ta goma na kira ƙanena. Na ce, "Ka ce mishi ban hana shi ba. Ban kuma ce shi tafi ba."

Na san abin da nake yi. Yaron da aka raina yadda muka raine shi ba zai ɗauki jaka ya bar gari ba uba bai sa masa albarka ba. Na zaɓi kalmomin ne don ya zauna, kuma don gobe in wani ya tambaye ni in ce shi ya ga dama. Na ɗora masa nauyin hukuncin da ni na yanke. Ƙanena ya ce in sake tunani. Na ce na gama.

Washegari da na isa fadama na tarar yaron ya riga ni, yana gyara hanyar ruwa da fartanya. Na ɗauki tawa fartanyar na kama aiki. Wata ya ƙare.

Aikin ofis ɗin da na ƙwallafa wa rai bai zo ba. Bayan kusan shekara aka ɗauke shi koyar da lissafi a wata sakandare a Kalgo. Babu kwamfuta a makarantar, wutar lantarki ma sai an ga dama. Ya yi aure a can. Ran Juma'a wani lokaci yakan zo mu yi salla, mutane su gaishe shi da "Malam". Na samu abin da na so, ina jin daɗina.

Shekara huɗu bayan haka aka yi masa haihuwa ta biyu, muka je suna Kalgo. Bayan jama'a sun watse aka kai ni ɗakinsa in huta kafin la'asar. A kan wani benci na ga littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, sun fi ashirin, an ɗaure su da igiya. Na zaci na ɗalibai ne. Na zaro ɗaya. Rubutun hannunsa ne, layi bisa layi, wasu sun shiga ciki wasu sun fito, ga lambobi ga kibiyoyi. Ya shigo da buta ya same ni riƙe da shi. Ba kowa a ɗakin sai mu biyu, ba Bappan da zan aika. Sai na ji bakina ya ce, "Wannan fa?"

Ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Baba, umarni ne da ake rubuta wa kwamfuta. Ita ba ta san komi ba sai abin da anka tsara mata. Kamar yadda kake fitar da hanyoyin ruwa a fadama ne, ka ce in wannan fangalin ya cika ruwa shi juya nan, in bai cika ba shi tsaya. Wanda ke buga wasiƙa ruwa kawai yake sakewa. Mu ne masu fitar da hanyar."

Na gane nan take. Babu manomin albasar da ba zai gane ba. Bayanin bai kai tsawon alwala ba.

Na tambaye shi ina yake gwada su tunda ba na'ura. Ya ce da yakan je Sakkwato wurin wani abokin karatunsa in an yi hutu, amma abin ya yi gaba ya bar shi, yanzu ba da irin wannan ake aiki ba. Ya daina rubutawa tun bara.

Na ce, "Aikin Kaduna, wannan ne?"

Ya ce, "Shi ne." Sannan ya ƙara da cewa, "Ai ba ka hana ni ba, Baba."

Ba da gatse ya faɗa ba. Yana son ya sauke mini nauyi ne, da maganar da ni na ba shi. Na karɓi butar na fita. Ranar ban nemi gafararsa ba. Sai bayan rasuwar ƙanena, da ba sauran wanda zan aika, na zaunar da yaron na faɗa masa komai, har zuwana wurin masinja. Ya ce ba komai, haka Allah ya rubuta. Na yarda da ƙaddara, amma na san ta bakina ta biyo.

Ya yi ritaya yana malamin lissafi, ya yi furfura, ɗalibansa na ganin girmansa. Ban san abin da zai zama ba da ya tafi, mai yiwuwa ma ya dawo bayan shekara. Amma da shi ne zai gwada ya gani.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan: in ɗanka ya kawo maka takarda irin wannan, kira shi da kanka ka tambaye shi mene ne aikin, ko da kana duban bango. In za ka hana, ka hana a fili ka ɗauki nauyin. Kada ka yi yadda na yi.