Ɗakuna Uku Na Yaya Mamman

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Mamman, magini a Madawa. Na saba idan lokacin ya zagayo in yi masa sadaka in yi shiru. Bana na kasa shirun, don na ji wani labari da har yanzu ya ƙi zauna mini a kai.

Yaya Mamman ya gina ɗakuna uku a jikin zaurensa don ƴan haya, amma bai taɓa sa ɗan haya ko ɗaya ba. Wata ma'aikaciyar lafiya, Madam Zalika, ita ta sauya masa niyya. Duk Laraba takan tara samarin da suka fito daga gidan kaso a wata rumfa a gidan likita, su faɗi abin da ke cin ransu, ta taimaki masu fama da ƙwaya su rabu da ita. Ranar da ya je gyara mata katanga ta gaya masa aikinta ba ya ɗorewa. Saurayi zai zo sau biyu ya ɓace, don wanda ya kwana a tasha yau, gobe a rumfar mahauta, ba ya tuna Laraba.

Bai yi shawara da kowa ba ya buɗe ɗakunan. Kowane saurayi ya danƙa masa makulli a hannu. Da safe a bi shi wurin gini, ranar Laraba kuma babu aiki, wurin Madam za a je. Mun sha faɗa da shi a kan haka. Na ce ya tara ɓarayi kusa da ɗiyansa mata. Ya ce mini, “Isa, alƙali ya gama da su. Ni mi ya rage in yanke?”

Cikinsu akwai Sahabi, ɗan ƙauyen Tabotaki, mai shekara ashirin da ɗoriya. Satar awaki ta kai shi kaso, da ya fito mahaifinsa ya ce kada ya ƙara taka masa gida. Shekara biyu ya yi wurin Yaya. Ya bar ƙwaya, ya iya ɗora bulo a miƙe, har an fara ba shi ƙananan ayyuka shi kaɗai.

Lokacin da Yaya ya rasu ina aiki a Arlit. Bayan arba'in aka kira ni a waya, wai magada sun shirya sayar da gidan, ni ne babba yanzu, me na ce? Na ce a sayar. Na tuna na tambayi iyakar filin, na tambayi inda matarsa za ta koma. Samarin ban tambaya ba. Ko a raina ba su zo ba.

Bana na aje aiki na dawo gida. Na haɗu da Madam Zalika a kasuwa, muka gaisa, na tambaye ta labarin samarin Yaya, irin tambayar da ake yi a wuce. Ta ce wanda ya sayi gidan kwana uku ya ba su, ana tsakiyar damina. Biyu sun shiga mota sun yi kudu, ba ta ƙara jin ɗuriyarsu ba. Sahabi ya yi wata guda yana kwana a kangon da yake ginawa, yana zuwa Laraba da jiƙaƙƙun kaya. Wata rana da hantsi ya ɓalle ƙofar wani shago, bai taɓa komai a ciki ba, ya zauna a dandamali yana jiran jandarmomi.

Na ce mata ban gane ba.

Ta ce, “Can akwai rufi, Malam Isa. Abin da ya hwaɗa ma alƙali ke nan.” Ta ce yanzu haka yana ciki, shiga ta uku tun bayan rasuwar.

Na tsaya riƙe da albasar da na saya, na rasa ta wace hanya na shigo kasuwar. Shekara bakwai ina yabon yayana a gaban mutane, ashe da bakina na watsa abin da ya tara, ina zaune a inuwa da waya a kunne.

Ina ta tunanin me zai ce da ya ga Madawa ta yau. Gari ya faɗaɗa har inda muke noman gero a da, ɗakunansa uku an mai da su wurin ajiyar siminti. Rumfar Laraba tana nan, kuma har gobe Madam Zalika da tambaya ɗaya take buɗe zama: ina ka kwana jiya? Ba na jin zai yi doguwar magana. Zai tambaya ne wa ke da ɗaki a rufe.

Na je kaso na ga Sahabi. Furfura ta fito masa a gemu, shi da bai wuce talatin da kaɗan ba. Na fara neman gafara, ya tare ni. “Baba, gidanku ne, ba ku yi laihi ba.” Sai ya tambaye ni ko an gyara kabarin maigida, don ya ji ruwa ya yi ɓarna a maƙabarta. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan girbi za a sake shi. Na tambaye shi ina zai sauka, ya ce bai sani ba tukuna.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Mamman, gidan ya tafi, kayan aikinsa an rarraba. Akwai dai mutum guda a tsare da har yanzu yake kiransa maigida. A bayan gidana akwai wani ɗaki cike da tsofaffin buhuna. Jiya na fitar da su na share. Matata ta tambaye ni ko baƙo za mu yi. Na ce mata i, kuma zai daɗe.