Gargasa a Gonar Baba

A gidanmu a Mandera ba wanda yake taɓa sabon gero sai mahaifina ya fidda iri. Haka muka tashi muka tarar, tun ana kai zakka Sakkwato a kan jakuna, Nasara ko labarinsu ba a ji ba. In gero ya nuna, maigida zai shiga gona ya bi kunya kunya yana zaɓen zangarniyar da ta fi, ya yanke, ya ɗaure dami da hannunsa, ya yi bisimilla a kai. Abin da ya ɗaure ya zama iri, ko yunwa za ta ƙarar da gida ba mai kwance shi sai ruwan shuka ya sauka. Abin da bai ɗaure ba kuwa rabon turmi ne.

Geronmu zango ne, dogo, mai santsi. Kakan mahaifina ya zo da shi daga wajen Boɗinga, kuma kowane maigida da ya biyo baya mafi tsawo yake zaɓa, har zangarniya ta kai tsawon hannun mutum tun daga kafaɗa. Baba yana alfahari da geron nan fiye da yadda yake yi da mu. In baƙo ya zo, sai ya ga dami kafin a kira mu mu gaishe shi. Yakan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ka shuka dogo ka girbe dogo.

Amma duk da wannan zaɓe, kowace shekara sai an sami 'yan tsiraru sun fito da gashi, gajeru, masu kaushi. Gargasa muke ce musu. Mata sun tsane ta, don in ana sussuka gashin yana shiga jiki ya yi ta ƙaiƙayi har kwana. Baba ya fi su tsanarta. Ya ce kamar cindo take a dangi, sai an manta da ita ta ɓullo a hannun jika. Duk inda ya same ta sai ya karye ya yar.

A shekarar da nake ba da labari, Baba ya daɗe da makancewa. Ni ke riƙe da gona, ina da mata da 'ya'ya, amma fidda iri yana nan a hannunsa. Nakan ja masa sanda, shi kuma ya shafa zangarniya da tafin hannu, kuma wallahi bai taɓa kuskure ba.

Gero yana cikin madara tsuntsayen nan jan-baki suka sauko daga wajen fadama. Mun saba da tsuntsu, amma ba irin wannan ba. Mun yi ihu har murya ta dushe, mun yi jifa da majajjawa, mun kaɗa fasassun ƙore a igiya. In ka kore su gabas sai su sauka yamma. Da suka gama da mu, na zaga gonar ni kaɗai. Dogayen zangarkun suna nan tsaye da kyansu, amma fayau, ba komai a jikinsu. Gargasa ce kawai ta tsira, nan ɗaya can ɗaya, cike taf, don gashinta yana tsone wa tsuntsu ido in ya kai baki.

Na gaya wa Baba tsuntsu ya yi ɓarna. Ya ce tsuntsu kullum yana ɓarna. Na bar shi a haka, na ɓoye masa girman ɓarnar.

Matata 'yar Dandin Mahe ce, mutanen bakin fadama. Ta ce tsuntsayen sun yi sheƙa a cikin ciyawar ruwa sun ƙyanƙyashe, kuma a garinsu an san in suka yi haka to baɗi ma suna nan tafe. Sannan ta faɗa mini abin da na fi tsoro. Rumbu an share shi tun tsakiyar damina, yara tafasa suke ci suna kwana da kuka. Duk gargasar da Baba bai ɗaure ba, ranar za ta sussuke ta. Ban ga laifinta ba, ko da yake na yi mata faɗa. Na yi tunanin in yanke in ɓoye, amma a gidan da yara ke kuka, hatsin da ba bisimillar maigida a kansa ba ya kai mako. In gargasar ta shiga turmi, ba mu da abin shukawa baɗi sai ɗan guntun zangon da tsuntsu ya rage, shi ma mu shuka wa tsuntsu.

Ni kuma an san ni da saurin baki tun ina yaro. Na sha mari a kansa. Yanzu ba marin nake tsoro ba, kalma ɗaya ta fushi daga bakin tsoho nake tsoro, wadda za ta bi ni har kabari.

Ranar fidda iri da hantsi muka fita ni da Baba, ina gaba yana baya, sanda a tsakaninmu. A hanya na fara lallaɓa maganar, na ce bana ko a sassauta zaɓen. Bai bar ni na kai ƙarshe ba.

"Kai ka noma, ni ka hidda iri," ya ce. "Ja mu tahi."

Muka shiga. Ya kama zangarniyar farko, ya shafa daga gindi zuwa kai, ya murza da babban yatsa. Ya sake ta. Ya kama ta gaba, ya sake. Haka muka yi ta bi, ba abin da ake ji sai ƙarar busasshen ganye a ƙafafunmu. Can ba a rasa ba yakan sami wadda tsuntsu ya bar wa ɗan saura a gindi, sai ya yanke ya sa a aljihun taguwarsa. Rana ta take, abin da ya tara bai cika aljihun ba. Duk gargasar da muka wuce sai na ji kamar in kama hannunsa in ɗora a kai.

Shi da kansa ya faɗa kan ɗaya. Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta, ya yi tsaki, ya karye ta ya jefar. Na sunkuya na ɗauka. Makaho ba ya gani, amma kunnensa ba ya barci. Ya tambaye ni abin da na ɗauka.

A wajenmu, in ƙwaya ta cika a zangarniya cewa muke ta yi ido. Ban yi tunani ba, bakin nan nawa ya riga ni.

"Baba, duk gonag ga wagga ɗai ad da ido."

Da kalmar ta fita na ji nauyinta. Ya saki sandar. Ya juyo da fuskarsa inda nake, fararen idanunsa a buɗe. Na durƙusa a cikin kunya, na ce ba abin da nake nufi ke nan ba, na rantse. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba, na dai san gumi ya jiƙa mini baya, ina jiran kalmar da za ta fito.

"Miƙo ta," ya ce.

Na sa masa a hannu. Ya damƙe ta da ƙarfi, gashin yana shiga tafinsa, ya murza. Ƙwaya ta zubo ta cika masa hannu. Ya hure ƙaiƙayin, ya kai baki ya tauna a hankali. Ya tambaya ko akwai irinta da yawa, na ce a warwatse suke, amma in an bi gonar duka za a yi dami. Ya tambayi abin da ya hana tsuntsu cinta, na faɗa masa. Ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Tun ina saurayi nike karyat ta," ya ce. "Bana tsuntsu ya riga ni zaɓe."

Ya ce in kai shi wurinsu ɗaya bayan ɗaya. Na roƙe shi ya bari in yanke, ya ƙi. Har la'asar yana yanka, hannayensa suka yi ja suka kumbura, bai sosa ko sau ɗaya ba. Ya ɗaure damin, ya yi bisimilla a kai. Da matata ta ga na wuce da shi zuwa rumbu, ta kwantar da turmin da ta riga ta wanke, ta shiga ɗaki. Ranin nan mun sha wuya, ni har ƙodagon albasa na je yi fadamun Shagari, amma ba wanda ya kalli damin.

A ranar da ya ɗaure damin nan, saura zangon da ke aljihunsa. A tsakar gida na ce masa zan ware masa gefen gona mu shuka shi, kada irin kakanni ya ɓace a hannunmu. Da gaske nake, don ni ma abin ya tsaya mini a rai. Ya girgiza kai, ya ce shi ne zai kira mana tsuntsu. Ya kira matata, ya zaro zangarkun ya miƙa wajen da ya ji motsinta. Ta tsaya, ta kasa karɓa, tana kallona.

"Amshi, ɗiyata," ya ce. "Yi ma yara kunu."

Ya zauna a bakin zaure yana jin sautin taɓarya har aka gama. Da kunun ya dahu ta zuba masa a ƙoƙonsa ta kai masa da hannu biyu, a durƙushe. Ya riƙe ƙoƙon, ya sunsuna tururin, sannan ya kira ƙaramin ɗana ya ba shi. Ya ce shi ba ya jin yunwa.