Mai Renon Batir

Sabuwar maƙwabciyarmu, doguwa mai tabarau ɗaure da zare, batir take reno. Na ƙarfen zinki ne wai, dangin kwanon rufi. Ta shafa wa farantinsa wani baƙin gari don ya daina mutuwa in an sake caji. Kullum tana bakin taga, duk cajin da ya ɗauka sai ta ja layi a bango. Batirin baya a caji na arba'in ya mutu, aikin shekara ya bi ruwa. Ina zargin sai ya ƙoshi take cin abinci.

Na leƙa. "Malama, jaririn ya sha nono?"

Ba ta ɗago ba. Ɗan ƙwan fitilar gwajinta ya kama, ta ja layi.

"Arba'in da ɗaya, Baba. Rage murya."