Naɗin Bahago

Ba-Yoyo suke kiransa, kuma da guminsa ya sayi sunan. Shekara ashirin da bakwai yana gyaran famfo, in ya haɗa fayif biyu, to sai dai tsatsa ta raba su. Sirrin bai wuce farin tef ɗin nan marar danƙo da ake naɗawa a bakin fayif kafin a ɗaura ba: zagaye bakwai, yana bin hannun agogo. In aka naɗa shi a baibai, garin ɗaurawa sai ya warware ya dunƙule, ruwa ya samu hanya. Ba-Yoyo yakan yi wa masu gida wannan karatu ko ba su tambaya ba. Mutumin kirki ne, amma akwai cika baki, Allah ya gani.

Wansa ne ya koya masa sana'ar, wani dogo marar magana da ake kira Bahago. Shi Bahago in ya gama naɗi sai ya lanƙwasa ƙarshen tef ɗin ya danne da farce, alamar da ba mai yin ta sai shi.

Tare suka yi aikin wani gida mai bene. Bayan wata shida bangon banɗaki ya sha ruwa ya rufta kan mahaifiyar mai gidan, ta karye a ƙugu, ba ta sake takawa ba. Da aka tono fayif ɗin sai ga naɗi a baibai. Kowa ya juya ya kalli mai hannun hagu. Ba-Yoyo ya san shi da kansa ne ya yi naɗin nan, a kwance rigingine, yana sauri. Ya ja bakinsa ya yi shiru. Bahago ya tattara sufanunsa, aiki ya daina zuwa, ya koma gadin wani sito har ya rasu bara.

Tun rasuwar abu ya lalace. Gidajen da Ba-Yoyo ya yi wa aiki suka fara kira ɗaya bayan ɗaya, wai bango na gumi. In ya kwance haɗin da ya tabbata da hannunsa ya yi, sai ya tarar da tef sabo fil, naɗe a baibai, ƙarshen a lanƙwashe da shatin farce. A gida na uku ya zauna daɓas a kan tayil. Abin da wansa bai taɓa yi ba da ransa, ga shi yana yi yanzu. Masu gida kuwa suka fara ƙus-ƙus cewa hannun Ba-Yoyo ya tsufa, wani mai shaƙiyanci har ya cire masa “Ba” ɗin ya bar masa sauran.

Ran wata Talata da hantsi matar marigayin ta aiko cewa famfon tsakar gidanta yana ɗiga. Ya je, tana zaune a tabarma tana ninke wanki. Da can in sun haɗu sai ta tsokane shi da mijin wahala, yau gaisuwa kawai suka yi. Ya rufe ruwa, ya kwance kan famfon, ya tarar da abin da ya san zai tarar. Ya kankare, ya yi bakwai ɗinsa yana ƙirgawa a fili, ya ɗaura, ya saki ruwa. Ɗis. Ɗis. Ya sake kwancewa: a baibai, a lanƙwashe. A karo na uku ya tsura wa hannuwansa ido, sai ya ga tef ɗin yana hannun hagu, farcen babban yatsa na danne ƙarshen. Bai san lokacin da ya canja hannu ba.

Ya ajiye tef ɗin a ƙasa. Tsoro ya kama shi, amma kunya ta fi tsoron yawa.

“Matar Yaya,” ya ce, bai ɗago ba, “aikin gidan benen nan, ni na yi naɗin. Ba shi ba ne.”

Ta ci gaba da ninke zanen da ke hannunta har ta gama.

“Ai ya sani. Tun a ranar ya faɗa mini. Ya ce kana da yara ƙanana, kuma kai ba za ka iya zama babu suna ba. Cewa ya yi in bar ka, wata rana za ka zo da kanka. Har ya kwanta ciwo, in aka taɓa ƙofa sai ya ce in duba ko kai ne.”

Ba-Yoyo ya daɗe a durƙushe kafin ya lura tsakar gidan ta yi tsit. Famfon ya daina ɗiga, alhali kan famfon na nan a hannunsa, bai mayar ba, kuma bai tuna ya rufe ruwan ba.